Injin Labo Ya Kusa Hana Ni Zuwa Marwa

'Yan tim, yau inji ya ce jinina ya lalace, alhali garau nake!

Kun san koc ya ce kowa ta yi gwajin jini kafin gasar handbal, ƙwallon hannu, ta Marwa. Na je labo, ɗakin gwajin jini, da safe, Mama ta raka ni. Sakamako na fitowa, dokta ya cire tabarau. Wai plaket ɗina, ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an ji ciwo, sun yi ƙasa sosai.

Ya ce, "'Yata, ko ƙwallo ce ta buge ki, akwai haɗari. Ba za ki buga wasa ba."

Wayyo! Ni gola guda!

Mama ta hau salati, ta kira Goggo a Ngong: "Adda, Zainabu ba jini!"

Na ce, "Dokta, jiya na sha ƙasa a fili, ko tabo babu!"

Ya duba gwiwata, ya ce a sake dubawa. Madam ta labo ta shafa jinin a gilashi, ta leƙa madubin ganin ƙwayoyin jini, sai dariya. Ashe plaket ɗin dunƙulewa suka yi cikin kwalbar gwajin, inji ya kasa ƙirga su! Aka canza kwalba, aka sake ɗiba. Nomal!

Ina cikin haɗa jaka sai ga Goggo a moto, wato babur, da kular hanta, ido jajir.

Ta ce, "Ina mara lafiyar?"

Na ce, "Ta warke, Goggo. Miƙo hantar."

Gobe a motar Marwa, kujerar taga tawa ce!