Shugabar Makaranta a Bencin Jira

Tun takwas da kwata take zaune a bencin ofishinmu. Na rubuta lokacin. Yanzu biyu ta wuce, jami'in da zai sa hannu a takardarta bai dawo ba. Shugabar wata firamare ce a Narayi. Akwai alli a hannun rigarta, ta zare takalmi ɗaya tana matsa ƙafa. An tsallake sunan ɗalibarta a jerin masu jarrabawa, yau kuma ake rufewa.

Masinjanmu ya ce, "Madam, ai da malami kika aiko."

Ta ce, "Baba, in na ɗauko malami, yara sittin za su yi zaman banza. Ofishina kuwa, kujera kawai na bari."

Da alama ba yau ta fara ba. Ta mayar da takalmin, ta gyara zama.