Fulogi a Murhun Iya

A gidanmu na Turba, aiki biyu murhun Iya yake yi bayan magariba. Yana ɗumama sauran miya, yana kuma gasa fulogan motar Kawu Lawali. Iya kakata ce ta wajen uwa, a hannunta na tashi. Kawu Lawali kuwa autanta ne, direban bas tsakanin Isa da Sakkwato. Duk ƙarshen mako sai ya kwanto fulogai huɗu, baƙi ƙirin da hayaƙi, ya cusa su cikin garwashi. In sun huce ya kankare bakinsu da guntun reza, washegari ya mayar. Bai yarda a sayi sabon abu ba matuƙar tsohon yana motsi.

Iya ba ta son warin ko kaɗan. "Lawali, ka maishe mini miya awa gareji," take cewa. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya: "Da sauransu, Iya. Wuta ɗai suka so."

A bakin wannan murhu muke zama, mu jikoki biyar, tana ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Ni take fara tsokana, wai mijin da ba ya cefane shi ne mai zama kusa da tukunya. Wata rana Kawu na tsugune yana juya ƙarafansa, ta ce, "Ga wata nan tahe. Mai kunne shi tara."

Wai an yi wani makiyayi mai rijiya a bakin daji. Igiyar gugansa ta tsufa, duk inda ta sille sai ya ƙulla, har ƙulli ya fi igiyar yawa. Matarsa ta yi magana ta gaji. Da ta matsa masa, ya tafi kasuwa ya ɗinko sabon guga na fata, mai kyau, ya ɗaura a tsohuwar igiya. Ya ce ai guga ne mai ɗebo ruwa. Ranar da rani ya kai rani, shanu sun dawo harshe a waje, ya zura guga ya cika taf. Sabon guga ya fi tsohon ɗaukar ruwa, saboda haka ya fi nauyi. Yana ja, igiya ta tsinke.

"Sai mi ya hwaru, Iya?" in ji ƙanwata.

"Ba komi. Yat tsaya shina kallon rijiya, shanu na kallonai."

Muka yi dariya. Kawu ma ya murmusa, don ya san da wa ake. Bayan mako biyu ya shigo da sababbin fulogai a kwali ya nuna mata. Ta juya su a hannu, ta tambaye shi baƙaƙen wayoyin nan da ke kai musu wuta fa. Ta sha ganin su a naɗe da leda da salatif. Ya ce waya ba ta tsufa.

Da damina ta kankama, aka aiko daga Kurawa cewa Inna Ige, yayar Iya, tana kwance, tana kiran sunanta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Da sassafe Kawu ya ɗauki Iya a motarsa, ana yayyafi. Ba su yi nisa da Isa ba ruwa ya sauko sosai, mota ta fara fizga, sannan ta mutu. Wayoyin sun tsattsage, danshi ya shige su, wuta na zubewa a hanya ba ta isa fulogi. Ya goge, ya naɗe, ta tashi ta sake mutuwa. Sai bayan la'asar suka samu wata motar. Sun tarar an dawo daga maƙabarta.

Washegari ya sayo wayoyi huɗu a Isa, ya canja su ɗaya bayan ɗaya don kada ya rikita jerinsu. Motar ta kai mu sadakar uku lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

Yanzu ina da tawa ƙaramar motar. In lokacin sabis ya yi, nakan ce a cire fulogi da waya gaba ɗaya, ko da bakanike ya ce da sauransu. Da nakan ɗauka darasin makiyayi na riƙe. Da na girma na gane ba haka ba ne, don Kawu ma ya ji tatsuniyar, ya kuma gane ta, ya gyara rabi. Abin da ya zauna mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Iya ta yi shekara shida bayan yayarta, tana shiga motarsa, tana yi masa addu'ar hanya, ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Shi da kansa ya gaya mini, yana dattijo, cewa duk shekarun nan jira yake ta yi masa faɗa, har ta rasu ba ta yi ba.