Alwala a Kan Sabon Siminti

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a keken guragu za a sallame shi. Sai a lokacin muka lura gidanmu na unguwar Briketeri ba ya shiguwa da keke. Tsakanin titi da ƙofarmu akwai lambatu mai faɗi, da wani katako da muke takawa tun ina yarinya. Ni ce babba, don haka komai a kaina ya faɗo.

Na kira wani magini daga unguwar Madagaskar ya zuba mana 'yar gada mai gangare. Saboda lokaci ya ƙure, ya ce a sayo siminti mai saurin kamawa. Kafin la'asar ya yi tauri, har na fara murna. Maginin ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a kai, ya ce, "Hajiya, pardon, don Allah kada taurin nan ya ruɗe ki. Wannan siminti zafi gare shi, sai ana ba shi ruwa. In buhun nan ya bushe, zai tsage. Kuma ban da ruwan sabulu."

Washegari famfo ya ɗauke, ga shi tsakiyar rani. Ƙannena suka ɗauki jarkoki neman ruwa har unguwar Tsinga, abin da suka samo ko sha da girki bai isa ba. Na tsaya ina kallon buhunan suna bushewa daga gefe, raina a ɓace. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san Baba. Gara masa ya zauna a asibiti da a ciccibe shi a gaban mutanen layi kamar buhun masara.

Limamin masallacin layinmu, abokin Baba tun suna samari, ya zo wucewa.

"'Yata, lafiya kike tsaye a rana?"

Na gaya masa. Ya taɓa buhun da yatsa, ya ce, "Allah ya kyauta," ya wuce. Har na ji haushinsa.

Da aka kira azahar, sai ga maza da butocinsu. Teloli, masu tsire, 'yan kasuwar Mokolo, duk suka bar bakin masallaci suka tsuguna gefen gadar, kowa na alwala ruwan yana zuba a kan buhu. Haka aka yi kowace salla har simintin ya ƙoshi. Wani tela ma ya ce gadar nan ta fi wasunmu riƙe alwala.

Ba ta tsage ba. Ranar da aka sallami Baba, na tura kekensa a kanta da hannuna, yana zaune da hularsa.

Da magariba ya yi ta nuna ƙofa, don maganarsa ba ta fita. Na fito da shi. Mutane sun saba, suna nan tsugune a wurin. Liman ya matso da butarsa, ya ɗago hannun Baba na dama, wanda ba ya motsi, ya fara wanke masa.