Damina a Akushin Baba

Har yau in na ga kiyashi sun yi layi a gindin bango, sai gabana ya ɗan faɗi. Su ne suka fara nuna wa Kakata, mahaifiyar Babana, cewa ɗanta ba shi da lafiya, ranar da ta tarar sun yi dandazo a inda yake kama ruwa bayan rumbu.

Baba dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau. A can ya koyi shayi mai kaurin suga da burodi, da shinkafa, da lemon kwalba. Ya yi ƙiba, ana cewa ya samu. Daga baya ƙishirwa ta sa shi gaba, ya fara ramewa. A shekarun nan ne damina biyu a jere ta ƙi, kasuwa ta mutu, ya dawo gona. Wata rana kututturen kara ya soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa har ya fara wari.

Aka kai shi asibiti a birni. Likita ya ce ciwon suga ne, ya wanke ƙafar, ya ba da ƙwayoyi, ya lissafa abin da zai ci da wanda zai bari. Ya ce in ba ta yi sauƙi ba kafin girbi, sai dai a yanke.

Da suka dawo, Kakata ta ɗaura zaninta ta ce wa Innata, "Likita ya ba da nasa, saura namu."

Ba mu da komai sai abin da damina ke bayarwa. Da sassafe muke fita da Kakata mu tsinko tafasa da rama a bakin gonaki, raɓa na jiƙa mana ƙafa, mu haɗa da zogalen bayan gida. Ta yi kwaɗo da ƙuliƙuli, ta dafa wake, ta turara dambun gero wanda ganyensa ya fi garinsa yawa. Tuwon dawa kuwa malmala ɗaya ƙarama, cikin miyar kuɓewa. Maƙwabta suna cewa abincin fari ake ba Alhaji. Shi kuma ya zauna ya zuba wa akushin ido kamar zai yi kuka.

Wata safiya ya kira ni a hankali. "'Yar Baba, je ki wajen mai tebur ki karɓo min suga ƙulli ɗaya. Kada ki faɗa wa kowa."

Ban taɓa ƙin aikensa ba. Na kai zaure na tsaya, na tuna ƙafar, sai na juyo wajen Kakata ina hawaye. Ba ta yi faɗa ba. Ta je ta zauna kusa da shi ta ce, "Ni na haife ka da ƙafa biyu. Ka zaɓa, ko su ko suga." Bai ƙara tambaya ba.

Kullum da yamma ta sa shi ya zagaya gida da sanda, ta tabbatar ya sha ƙwayarsa. Ciwon ya fara tsukewa, warin ya tafi. Da gero ya nuna, likita ya duba ya ce a bar masa ƙafarsa. Ranar da ya taka har gona ya yanko zangarniya da hannunsa, Innata ta rangaɗa guɗa, matan da suka yi mana dariya suka taya ta.

Yanzu ganyen nan ne ake niƙawa a zuba a kwalba, ana sayarwa a kemis da tsada, 'ya'yana kuma sai taliyar leda. Ni ma an auna ni an ce in yi hattara, abin yana bin jini. Ban tsorata ba. Na ga Baba ya tsufa yana zuwa masallaci da ƙafafunsa, har ya ɗora jikokinsa a wuya.