Malam Sada Mai Ƙofar Ruwa da Ɗakin da Ya Gina a Wutsiya

Da ya idar da sallar asuba, Malam Sada ba ya komawa shimfiɗa. Yakan hura murhu ya ɗora butar shayi, sannan ya saɓa manjagara, ya ɗauki ƙarfen murɗa ƙofa, ya gangara bakin kanal. Taku arba'in ne daga bakin ɗakinsa zuwa ƙofar ruwa. Yakan fara duba sandar awo ya ga inda ruwa ya kwana, ya kwashe ciyawa da ledojin da suka toshe raga, ya murɗa ƙofa ya saki ruwa ga waɗanda ranarsu ce. Kafin shayi ya tafasa ya dawo. Manoman da ke isowa da hantsi sukan tarar ruwa ya riga su shiga gona.

Wurin ana kiransa Wutsiya, domin nan ne wani reshen kanal da ya ratso tsakanin Kura da Bunkure yake ƙarewa. Babu wutar lantarki, babu famfo, babu maƙwabci, kuma ƙauye mafi kusa tafiyar awa guda ce a ƙafa. A ƙarshen wannan wata na Disambar 2008 Malam Sada zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar yana buɗe ruwa yana rufewa. Shida na ƙarshe a Wutsiya ya yi su, cikin ɗakin da ya gina da hannunsa. Ya kamata a faɗi yadda aka yi tun yana da kunnen ji.

Lokacin da aka mai da shi wannan ƙofa, a Bunkure yake kwana da iyalinsa, ya riƙa zuwa a keke. Kafin ya iso rana ta ɗaga, raga ta toshe, ruwan da ya kamata ya shiga gonaki ya bi ta magudana ya zube a rafi. A ranin 2002 tumatirin mutanen Wutsiya ya ƙone a tsaye. Wani manomi mai suna Baballe, wanda kadada biyu ya shuka bai tsinki kwando ashirin ba, ya tare shi a bakin ƙofa rannan, ya miƙa masa busasshen reshe.

"Malam Sada, ga amfanin gonata, ka kai wa iyalinka. Kai kana can gari kana barci, mu muna nan muna kallon abincin 'ya'yanmu yana mutuwa."

Waɗanda ke wurin sun ce Malam Sada hannu ya miƙa. Ya karɓi reshen ya jujjuya shi, ya ce, "Ka faɗi gaskiya, Baballe. Nisa ne ya yi yawa."

Washegari ya je ofis ya roƙi a gina masa ko da rumfa ce a bakin ƙofar. Shugabansa ya saurare shi da kyau, ya ce babu wannan a tsarin bana, amma idan zai iya da kansa ba wanda zai hana shi. Daga nan ya wuce wurin mai unguwa, ya nemi wani ɗan tudu mai burji da ruwa ba ya hawa, ba mai noma shi. Aka ba shi, ana yi masa kallon wanda rana ta taɓa.

A gida ma bai samu da sauƙi ba. Matarsa Hajara ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Malam, da furfurarka za ka koma daji? Macizai fa? In ciwo ya kama ka, wa zai sani?"

"Kwana huɗu can, uku nan," in ji shi. "Ki bari in gwada rani ɗaya."

Bai taɓa gini ba. Abin da ya sani shi ne abin da ya gani yana yaro lokacin da mahaifinsa ke ta da katanga. Ya ɗebi laka daga bakin kanal, tunda ita ce kusa, ya kwaɓa, ya yi tubali, ya jera. Wata biyu yana yi bayan ya gama aikin ƙofa, har bango ya kai kafaɗarsa. Ruwan farko na damina da ya sauka, bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, na kudu ya zauna gaba ɗaya. Yana tsaye a kan tarin laka, sai ga Inna Asta, wata dattijuwa daga rugar da ke hayin rafi, ta biyo hanya da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya ta tsinci gutsuren tubali ta murza shi da yatsa.

"Malam, wa ya ce maka ana gini da wannan? Wannan ƙasar shinkafa ce. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta dare. Ka bi bayan tsamiyar can, akwai jar ƙasa. Ka zuba mata ciyawar shinkafa, ka bar ta ta kwana bakwai tana ruɓa kafin ka taɓa. Kashin shanu kuma na yaɓe, ka aiko a ɗiba a wurinmu."

Haka ya yi. Ya jira damina ta ɗauke, ya sake daga farko. Wannan karon ya haƙa harsashi har gwiwa, ya cika shi da marmara da ya riƙa farfasowa daga gefen tudun. Jar ƙasar kuwa a baro ya riƙa turo ta, sawu takwas ko goma a yini. Ɗan Inna Asta, Mika'ilu, ya ga abin ya yi yawa, ya ara masa amalanken shanu na kwana uku. Azara ya samo daga wata giginya da iska ta kayar, ya shafe ta da baƙin mai saboda gara. Kwanon rufi tsoho ne na wani shago da aka rushe a Kura; ya ɗauko shi a bayan keke falle biyu biyu, ya toshe tsofaffin hujojin ƙusa da kwalta. A ƙarƙashin kwanon ya shimfiɗa zana don zafi. Taga biyu ya yi, ɗaya tana kallon ƙofar ruwa, ɗaya tana kallon doguwar gaɓar kanal ta yamma, yadda ko yana zaune a kan tabarma idonsa na kan ruwa.

Ruwan kanal ba na sha ba ne, wannan ya sani tun da daɗewa, ya ga masu fitsarin jini da yawa. Sai ya lanƙwasa wani falle ya yi indararo, ya tara ruwan sama a duro biyu masu murfi. Da suka ƙare a tsakiyar rani, ya haƙa rijiya gaba shida a gindin tudun, shi da Mika'ilu, ɗaya na ciki ɗaya na jan guga. Ya yi masai nesa da rijiyar, ya kewaye shi da kara. A gaban ɗakin ya kafa rumfa, ya ajiye randa da moɗa, ya share wuri ya jera duwatsu ya nuna alƙibla.

Hajara ba ta zo ba sai da aka yi wata huɗu da tarewarsa. Ta shiga ta fita, ta leƙa bayan ɗaki, ba ta ce ya yi kyau ba.

"Wa ke kafa murhu a bakin iska? Duk hayaƙin ciki zai koma. Kuma hatsi a ƙasa ka ajiye, ɓeraye ka gayyato?"

A ranar ta sa ya rushe murhun ya mai da shi kudu da ɗaki. Ta sa ya rataye buhun gero da igiya daga azara, ta daɓe ƙasan da kanta, ta dasa zogale da lalle a jikin shinge. Tun daga nan, in rani ya yi, takan zo ta yi sati. In an tambaye ta, takan ce ta zo ne ta ga ko ya kashe kansa da ɗanyen tuwo.

A 2006 babban ɗansu da ke aiki a Kano ya kawo masa ƙaramin faifan sola da tsohon batirin mota da wayar hannu. Malam Sada ya hau ya ɗaure faifan a kan kwano da waya, ya ja ƙwan fitila ɗaya ciki. Sabis kuwa ba ya kamawa a ɗakin sai a kan wani suri da ke baya, don haka ya sassaƙa wa surin matakala uku. Manoma suka riƙa kawo wayoyinsu caji, su zauna a rumfa su sha ruwan randa. A wannan rumfar aka sasanta rigimar shanu da ke fasa gaɓa in sun zo shan ruwa. Bayan an yi ta musayar magana tsakanin manoma da makiyaya, Malam Sada ya ce, "Saniya ba ta san gaɓa ba, ƙishirwa ta sani." Ya nemo siminti buhu biyu, ya gina kwamin shayar da shanu a wajen gonaki, ya ja masa ruwa da tiyo. Rigimar ba ta sake tashi ba.

Abin da mutanen Wutsiya suka fi ba da labari shi ne wata Juma'a a watan Maris na 2007. Alkama ta nuna, saura sati a yanke, albasa na kwance a gonaki an tuge tana shan iska. Kowa ya tafi gari masallaci. Malam Sada ma ya sa riga zai hau keke, sai Hajara da ke tankaɗe a ciki ta ce, "Malam, wancan ƙyallin mene ne a gefen gaɓa?" Ya leƙa ta tagar yamma. Ruwa ne ke tsattsafowa ta ramin gafiya, ya fara cin ƙasa, a daidai saman gonakin alkama. Ya san irin wannan. In aka ba shi awa guda, gaɓar za ta ɓalle gaba ɗaya.

Ya tuɓe rigar. Ya ruga ya buɗe ƙofarsa har ƙarshe don ruwa ya zube rafi ya rage nauyi, ya hau suri ya kira mai ƙofar sama.

"Bilya, rufe mini ruwa yanzu. Gaɓa na ɓallewa."

"Malam, ba a ba ni umarni ba."

"Rufe, in an tambaya ka ce ni ne. Ni zan amsa."

Bilya ya rufe. Amma ruwan da ke cikin kanal sai ya ɗauki lokaci kafin ya janye. Malam Sada ya kwaso buhunan da yake tarawa a bayan ɗaki, Hajara na riƙe bakin buhu yana zuba burji da shebur, yana ɗauka yana shiga ruwa har ƙirji yana dannawa a bakin ramin. Mika'ilu ya hango daga hayi, ya bar shanu ya zo. Su uku suka yi ta yi. Lokacin da mutane suka dawo daga masallaci, sun tarar da buhu talatin da ɗaya a jere, ruwa ya ci kunya huɗu na gonar farko ya tsaya. Malam Sada na zaune a gaɓa, ƙafarsa ta dama na zubar da jini inda fasasshiyar kwalba ta yanke shi, yana tambaya ko an idar da salla. Gonar farkon ta Baballe ce. Ya zo ya tsuguna ya yage rawaninsa ya ɗaure ƙafar, yana cewa, "Sannu, Malam. Sannu."

Kai ne, Malam Sada, aka gaya wa magana mai zafi a gaban jama'a, ba ka riƙe ta a matsayin zagi ba, ka ɗauke ta a matsayin aiki. Kai ne bangonka ya zube ka saurari mai tallan nono, ka sake haƙa harsashi. Ba a rubuta ginin ɗaki a takardar aikinka ba, ba a ƙara maka girma saboda shi ba, kuma ba ka taɓa zuwa ofis ka ce a duba abin da ka yi ba. Mai ƙofa, mai tsaron abincin mutane. Shekara shida ke nan ba a yi asarar amfanin rani a Wutsiya don rashin ruwa ba, kuma duk wanda ya ci tuwon alkamar nan ko ya aurar da 'ya da albasar nan ya san hannun da ke ciki.

Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, ƙafar ma takan motsa in sanyi ya shigo. Da aka tambaye shi ko zai cire kwanonsa da faifansa in zai tafi, ya yi mamakin tambayar. "In cire in kai ina? Wanda za a turo, a ina zai kwana?" Ya ce tabarmarsa da butarsa kawai zai ɗauka.

Mun gode, Malam Sada. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar cin gajiyar hutu, ya saka wa Hajara da Inna Asta da Mika'ilu da suka kama maka. Ga sauranmu kuma, ma'aikata da manoma, akwai ƙofofin ruwa da yawa a wannan yanki da masu kula da su ke kwana nesa, akwai kuma ayyuka da yawa da kowa ke jiran wani ya fara. Wani matashin ma'aikaci mai suna Taufiq ya riga ya nemi fili a bakin tasa ƙofar ta wajen Kura. A makon jiya ya je Wutsiya neman shawara. Malam Sada ya ce masa ƙafarsa ba za ta iya kwaɓa ƙasa ba yanzu, amma ranar Asabar ya zo da babur ya ɗauke shi, zai zauna a inuwa ya riƙa faɗa masa inda ya karkace.