Mai Ƙofa

Mijin yayata malamin lissafi ne a makarantar sakandare, amma a unguwa ba mai kiransa Malam. Mai Ƙofa ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, watan da aka ƙara masa girma, ya je wurin mai walda ya sayo ƙofar ƙarfe mai makulli biyu. Fili ba shi da shi, ko bulo ɗaya bai ajiye ba. Yaya ta ce, "Baban yara, a jikin me za mu kafa ta?" Ya ce, "Ki bari mana, sannu ba ta hana zuwa." Ƙarashen karin maganar ne ya manta: sai dai a daɗe ba a je ba.

Da aka gina gidaje masu sauƙi ya cika fom, aka ce albashinsa ya yi yawa. Ya nufi na kamfani, ma'aikaciyar ta dubi takardar albashin, ta tambaye shi cikin ladabi ko akwai wani aikin da yake yi bayan wannan. Haya kuwa in ta tashi, su ma sai su tashi. Sau huɗu suna sauya gida, sau huɗu ina kama gindin ƙofar nan, bayana ya san ta fiye da mai ita. A ɗaki da falon da suke yanzu, jingine take bayan kujera. Duk wata sai ya ɗiga wa makullan mai, kuma ranar da Yaya ta shanya tawul a kanta sai da aka yi shari'a.

Muna ta dariya, yara suna ta girma. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta kai sha biyar tana kwana a falo da ƙannenta maza uku. In za ta sauya kaya, sai ta jira banɗakin da suke rabawa da sauran 'yan haya. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin ɗakinta. Bana ta daina tambaya, wannan ne ya dame shi.

Wata Asabar ya kira ni, na tarar da kafinta yana auna falon zai raba shi biyu. Kafinta ya dubi ƙofar ya ce, "Malam, in ka rataya wannan a jikin katako, da ita da bangon tare za su kwanta." Malam ya je ya kama gefe ɗaya na ƙofar. Ya ce mini, "Kama can." Muka kai ta wurin wani mai gini a bayan layi, ya saye. Ranar ban tsokane shi ba, tausayinsa ne ya kama ni.

Da la'asar kafinta ya kafa wata 'yar ƙofar katako mai sakata. Ɗakin katifa ɗaya ya ci, sai ƙusa biyu na rataye kaya. Yarinya ta shiga ta ja sakata. Malam ya gyara wuyan riga, ya ƙwanƙwasa.

"Uwata, in shigo?"

"Baba, ɗan jira, ina gyarawa."

"To, Uwata. Yi a hankali."

Ya tsaya a falonsa da ya koma rabi, hannu a baya, yana jira a ba shi izini. Yaya ta miƙa masa kujera, ya ce a'a, a tsaye zai jira.