Kiɗan da Ƙanena Ya Zo da Shi daga Legas

Shekarar da ƙanena ya dawo daga cin rani a Legas, bai dawo da surutunsa ba. A can yana aiki ne a wajen injin tsaga katako. Ya iso Matameye ana jiran ruwan shuka, ya maƙala ekuter, abin sauraron waya, a kunne, ya zauna a ƙofar gida idanu a rufe. Sai a kira shi sau uku bai waiwayo ba.

Wata rana yana alwalar la'asar Inna ta ɗauki wayarsa, ta sa ekuter ɗaya a kunne. Nan take ta yar da ita.

"Murya ce take zuwa tana ɓacewa," in ji ta. "Ke da kike aikin rediyo, saurara ki gaya mini. Kawunku ya ce ƙwaya yake sha. Ranar Juma'a zai kai shi a ɗaure."

Akwai wani gida a ƙauye, gaba da Kurni, inda ake tsare masu shaye-shaye. Na taɓa ganin tabon sarƙa a idon sawun wanda ya fito daga can.

Na kwafi kiɗan, na saurara a wurin aiki. Duk abin da aka koya mana mu kawar daga sauti, su da gangan suka zuba shi: amsa-kuwwa, ƙugi, kukan da makirfo yake yi idan ya matso kusa da lasifika. Gitar lantarki tana jan sauti ɗaya har ya lanƙwashe. Ganga takan taso daga kunnen hagu, ta ratsa tsakiyar kai, ta sauka a dama, shi ya sa mai kunne ɗaya zai ji kamar ana ɓuya. Minti goma ba amshi, ba inda za ka dafa. Tsohon mai haɗa mana sauti ya ce sunan kiɗan rok na saikedelik, kuma an ƙago shi ne don ya kwaikwayi abin da mai maye yake ji, lokacin da bango yake motsi, minti ɗaya ya zama yini.

In na faɗi haka a gida, ni na ɗaura masa sarƙar.

Ranar Alhamis na zauna gabansa, na zare ekuter ɗin.

"Kai, gaya mini gaskiya. Me kake sha?"

"Shayi, Yaya. Shi ma ba sukari, tunda matata ta ɓoye."

"Ba wasa nake ba."

Ya daɗe yana kallon bakina. "Injin nan bai tsaya ba," ya ce. "Yana cikin kaina, ko a sallah. Wani abokin aiki ya tura mini wannan. Shi kaɗai ne yake kama da ƙarar, sai ta shige cikinsa in huta."

Na zagaya hagunsa, na kira sunansa da muryar da nake karanta labarai. Bai motsa ba.

Da safe na maimaita haka a gaban Kawu. Sai ya ce mu shiga motar Damagaram zuwa asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma ya fara bi. A hanyar dawowa ƙanena ya ce ana gama girbi zai koma, don ba a riƙe wa mutum gurbi a wajen injin.